Tumakin Lincoln masu dogon ulu: tambayoyin da masu kiwo ke yawan yi da amsoshinsu

Jama'a barkanmu da warhaka. Hotunan tumakin nan na Ingila masu gashi yana jan ƙasa suna ta yawo a wayoyi, kuma duk wanda ya taɓa ɗaure rago a turke in ya gansu tambayoyinsa kusan ɗaya ne da na ɗan uwansa, kilo nawa ne, nawa ake sayarwa, zai rayu a nan ko bazai rayu ba. To ga amsoshin nan a wuri guda, na ɗauki jinsin Lincoln don shine babba a cikinsu.

Wai wace irin tunkiya ce Lincoln ɗin nan, daga ina take?

Tunkiyar gida ce sak irin tamu, asalinsu ɗaya da Balami da Uda da 'Yankasa, duk ƙwayoyin gado 54 garesu, abinda ya raba su kawai shine abinda mutane suka daɗe suna zaɓa a jikinsu. Ita Lincoln daga gundumar Lincolnshire take a gabashin Ingila, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai fadamu da iska mai sanyi da ke busowa daga teku, ciyawa kuma kore kusan duk shekara. Manoman wurin sun yi ɗaruruwan shekaru suna ware duk ragon da yafi yawan ulu da girman jiki su barshi yayi barbara, sauran kuma su tafi mahauta, a haka a haka har aka wayi gari da tunkiyar da tafi kowace tunkiya ta Birtaniya girma, kuma ulunta yana cikin mafi tsawo da nauyi a duniya.

Girman nata fa, kilo nawa take kaiwa?

Rago baligi yana kaiwa daga kilo 110 zuwa 160, mace kuma wajen kilo 90 zuwa 113. Kaga kenan macen ma kaɗai ta ninka ragon 'Yankasa na kasuwa. Balami wanda aka turke shi sosai aka ɗura masa dusa da harawa ne kawai zai ɗan matso kusa, shima ba kowanne ba. Amma fa a lura, girman da ake gani a hoto ba duka bane jiki, ulun yana ƙara mata faɗi sosai, in aka aske ta sai kaga kamar an canza tunkiya. Duk da haka ko bayan askin ƙatuwa ce mai kaurin ƙashi da faɗin baya.

Ta yaya zan gane ta a hoto? Naga wasu masu baƙar fuska da ƙaho

Waccan mai baƙar fuska da baƙaƙen gwiwoyi da ƙaho a murɗe ba Lincoln bace, sunanta Valais Blacknose kuma daga duwatsun Suwizalan take. Lincoln bata da ƙaho sam, daga macen har ragon. Fuskarta fara ce, tana da tukku na ulu da yake zubowa daga goshi har ya rufe ido, kunnuwa manya masu ɗan duhu-duhu a fatar, ulun kuma baya tsayawa cunkus a jiki, yana saukowa ne igiya igiya a nannaɗe kamar kalabar da aka tsefe aka bari ba a taje ba. Mafi yawansu farare ne amma akwai masu toka-toka da baƙi.

Tana da 'yan uwa na dangin dogon ulu da ake rikita su da ita, akwai Leicester Longwool, Cotswold, Teeswater, Romney, sai Wensleydale wadda ita fatar fuskarta shuɗi-shuɗi ce mai duhu kuma nannaɗewar ulunta tafi ƙanƙanta.

Meye bambancin abinda ke jikinta da gashin da ke jikin tumakinmu?

Wannan itace tambayar da tafi muhimmanci a wurina, don in ka gane ta sauran duk zasu zo da sauƙi. A fatar kowace tunkiya akwai ramukan tsiron gashi iri biyu, manya da ƙanana. Manyan sune suke fara fitowa tun ɗan rago yana ciki, kowanne yana da jakar maiƙo da ta gumi a gefensa, ƙananan kuma suna kewaye dasu. A tumakin daji da aka samo na gida daga garesu, can yankin Turkiyya da Iran da Iraƙi shekaru wajen 10,000 da suka wuce, manyan ramukan suna fidda gashi mai kauri mai kaushi a sama, ƙananan kuma su fidda ɗan laushi a ƙarƙashi don sanyi, in zafi ya shigo duk ya zube da kansa. Tumakinmu na nan sun riƙe gajeren gashin sama mai kwanciya a jiki wanda yake zubewa da kansa, shi yasa babu wanda ya taɓa ganin ana yiwa Uda aski.

A tumakin ulu kuwa mutum ne ya juya lissafin. An zaɓe su har gashin saman ya daina kaushi, sannan abu mafi girma, ya daina zubewa, yana ta tsirowa ne kawai ba tsayawa rani da damina. Merino, wata shahararriyar tunkiyar ulu ta daban, ta bi hanyar yawa da sirantaka, ƙananan ramukanta sun kai wajen 20 ga kowane babba ɗaya, shi yasa ulunta yake cunkus da laushi amma gajere. Lincoln kuma ta bi hanyar tsawo da kauri, ramukan basu da yawa haka amma kowanne yana fidda sili mai ƙarfi da sauri.

Tsawon ulun nawa ne, kuma kilo nawa ake samu?

Yana tsirowa wajen santimita 2 da rabi a wata, a shekara ana samun tsawon santimita 20 zuwa 38, askin farko na wadda ba a taɓa askewa ba shine mafi tsawo kuma mafi tsada don bakin silin bai taɓa haɗuwa da almakashi ba. Nauyin abinda ake saukewa a jikin mace ɗaya kilo 5 da rabi zuwa 9 ne, na rago yafi haka. Amma ba duka bane ulu, akwai maiƙo da busasshen gumi da ƙura, in aka wanke abinda ke saura kashi 65 zuwa 80 cikin 100 ne. Shi wannan maiƙon ba a zubar dashi, shine lanolin da ake sawa a man shafawa da man leɓe, wataƙila ma akwai shi a wani kwalin da ke kan madubin uwargida yanzu haka.

Kaurin sili ɗaya ana auna shi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Na Lincoln yana tsakanin 33 zuwa 41, na Merino kuma yawanci ƙasa da 24.

Me yasa yake sheƙi haka, mai ake shafa masa?

A'a halitta ce. Kowane silin ulu in aka duba a madubin ƙara girma yana da ɓawo ɓawo da suka hau kan juna. A Merino ɓawon ƙanana ne masu yawa bakinsu a ɗan ɗage, haske in ya sauka sai ya watse ko ina, shi yasa take fari fat amma ba ƙyalli. A Lincoln ɓawon manya ne masu faɗi a kwance lif, haske yana dawowa a miƙe. Wannan ne ma yasa rini yake fitowa da kyau a kansa, launin yana ɗaukar ido sosai.

In aka ƙi yi mata aski me zai faru?

Wahala zata sha, ƙarshe ma ta mutu. Tunda baya zubewa, ulun zai yi ta ƙaruwa ya cukurkuɗe ya zama dunƙule guda, kashi da fitsari su manne a baya, ruwan sama in ya jiƙa shi nauyin ya ninka, ga zafi ga ido a rufe. An ga misalin haka a Merino, akwai wani rago da aka yiwa laƙabi da Shrek a Niyu Zilan da ya ɓuya a kogo shekara 6, da aka kama shi a 2004 an sauke masa kilo 27, wani kuma mai suna Chris da aka tsinta kusa da Kanbera a Ostireliya a 2015 nasa ya haura kilo 41, da ƙyar yake tafiya. Wato dabba ce da ba zata iya rayuwa ba sai da hannun mutum, mutum ne ya mayar da ita haka kuma nauyinta yana wuyansa.

Askin baya yi mata ciwo?

Baya yi, ulu ba rai gareshi ba, sai dai in mai askin ya yanke ta da ganganci ko gaggawa. Sau ɗaya ake yi a shekara, wajen watan Mayu zuwa Yuni in sanyi ya wuce, wasu kuma suna yi sau biyu in basa son tsawon yayi yawa.

Me take ci har take fidda wannan uban ulun?

Ciyawa ce abincinta kamar kowace tunkiya, ciki huɗu gareta, ta haɗiye ta koma gefe ta kwanta tana tuƙa, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta su narkar mata da ciyawar. Sai dai cinta da yawa, rago mai kilo 120 zai tashi da wajen kilo 3 na busasshen abinci a rana ko fiye, kuma ba kowace irin ciyawa ba. Ulu furotin ne da ake kira keratin, irin na farce da ƙaho da kofato, kuma yana cin sinadarin farar wuta sosai, saboda haka duk silin da ya tsiro daga abinci aka ciro shi. A da manoman Lincolnshire suna noma wani amfanin gona mai saiwa musamman don su, da hunturu su killace garken a gonar su ci su zuba taki, a haka ƙasarsu mara ƙarfi ta kan tudu ta zama ta noman alkama da sha'ir.

Wani abin sha'awa, ulun yana riƙe tarihin tunkiyar. In tayi zazzaɓi ko yunwa ko wahalar haihuwa, silin da ya tsiro a waɗannan kwanakin zai sirance, bayan ta warke ya koma daidai, to mai saye in ya ja tsakanin yatsunsa sai ya tsinke daidai wurin, nan take kuɗin ya faɗi. Ba zaka iya ɓoye masa cewa ka bar dabbarka da yunwa a watan kaza ba.

Gargaɗi ɗaya da ya shafi tumaki duka harda namu, basa jure yawan sinadarin jan ƙarfe a abinci, yana taruwa a hanta shiru shiru sai rana ɗaya dabba ta faɗi, don haka kar a riƙa basu haɗin abincin kanti da aka yi don shanu ko kaji.

Haihuwarta fa? Sau nawa a shekara?

Sau ɗaya. Cikin wata biyar ne kamar namu, kwana wajen 147, tana haifar ɗaya ko tagwaye, in bata ɗauka ba kuma tana sake neman rago bayan kwana 17. Inda ta bambanta da namu shine ita ba kowane lokaci take neman barbara ba, sai in rana ta fara gajarta. A Lincolnshire hasken rana yana kai awa kusan 17 a watan Yuni, a Disamba kuma ya dawo wajen 7 da rabi, to in dare ya fara tsawo ƙwaƙwalwarta tana ƙara fidda wani sinadari melatonin, shine yake tada mata sha'awar rago da kaka, ta haihu a ƙarshen hunturu ko farkon bazararsu daidai lokacin da sabuwar ciyawa ke fitowa. Agogo ne da aka saita da sararin samaniyar can. A Kano bambancin rana mafi tsawo da mafi gajarta bai fi awa ɗaya da rabi ba, shi yasa 'Yankasa babu ruwanta da wata, in ta samu abinci zata iya haihuwa sau 3 a shekara 2.

Shekara nawa take yi, kuma ana gane shekarunta ta haƙori?

Shekara 10 zuwa 12 in an barta. Haƙori kuwa lissafin ɗaya ne da wanda dillalai ke yi a kara, babu haƙoran gaba a sama sai dasashi mai tauri, a ƙasa guda 8, biyun farko na manya suna fitowa bayan ta shekara da 'yan watanni, daga nan bibbiyu har baki ya cika wajen shekara 4.

Waɗanne matsaloli suka fi damunta a can ƙasarsu?

Na farko ƙuda. Akwai wani koren ƙuda mai ƙyalli da yake bin warin ulu mai laima ko wanda kashi ya ɓata, ya saka ƙwai a ciki, cikin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin fatar dabba da ranta, kuma saboda ulun ya rufe komai sai abu yayi nisa kafin mai ita ya gani. Alamar itace zaka ga ta ware daga garke tana buga ƙafa tana juyowa tana cizon bayanta. Shi yasa suke aske wajen gindin wutsiya da cinyoyi tun kafin babban aski, suna fesa magani, da yawa kuma suna datse wutsiyar tun ɗan rago yana cikin satinsa na farko.

Na biyu kifewa, wannan zai baka dariya amma yana kisa. Saboda faɗin baya da nauyin ulu, musamman mai ciki ko in ruwa ya jiƙa ta, in ta kwanta ta mirgina ta koma rigingine ƙafafu a sama to bata iya tashi da kanta, iska ta taru a tumbi ta danne huhu, cikin 'yan awanni sai gawa. Makiyayan can kullum sai sun zagaya sun duba, in sun samu wadda ta kife su juyo da ita a hankali su riƙe ta har jini ya dawo ƙafafun kafin su saki.

Sai ruɓewar kofato saboda ƙasa mai laima, da tsutsar ciki, da tukkun nan da yake rufe ido in ba a rage ba.

Ance wai an taɓa sayar da rago ɗaya da kuɗin gida, gaskiya ne?

Gaskiya ne, ya ma fi kuɗin gida ɗaya a wancan zamanin. A 1906 wani manomi Henry Dudding na Riby Grove a Lincolnshire ya sayar da rago ɗaya kan gini 1,450, gini ɗaya kuwa fam ɗaya ne da sule ɗaya, kaga fam 1,522 da sule 10 kenan, aka loda shi a jirgin ruwa zuwa Ajantina. Lokacin ne tashen jinsin ya kai ƙololuwa, ƙungiyar masu kiwonta a Ingila an kafa ta a 1892, ta Amurka ma ta riga ta da shekara ɗaya.

Amma arzikin ulu a wannan yankin ya girmi haka nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 13 da 14 ana fitar da ulun Lincolnshire ta tashar ruwan Boston, ta Ingila ba ta Amurka ba, zuwa wurin masaƙan Filandas, yankin Beljiyam na yau, da Italiya, ƙatuwar majami'ar garin mai doguwar hasumiya da kuɗin ulu aka fara gina ta. Har yau shugaban Majalisar Dattawan Birtaniya a kan wata jar katifa da aka cusa wa ulu yake zama, al'adar tun zamanin Sarki Edward na 3 ce don kar a manta inda dukiyar ƙasar ta fito. Tsohuwar Lincoln ta wancan lokacin ƙashi ce da ulu kawai, nama kaɗan, sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka gauraya ta da ragunan Leicester na Robert Bakewell, mutumin da ya shahara da tsara barbarar dabbobi da lissafi, daga nan ta samu cikar jiki irin wadda ake gani yanzu.

Me mutanen Ajantina da Ostireliya suke yi da ita har suke zuba kuɗi haka?

Jininta suke so. Suna da Merino miliyoyi masu ulu mai laushi amma ƙaramin jiki, da aka fara kai daskararren nama Turai a jirgin ruwa a shekarun 1880 sai suka ga suna buƙatar tunkiya mai ulu da nama a haɗe. Lincoln da Merino suka bada jinsin Corriedale a Niyu Zilan, a Ostireliya aka samu Polwarth wadda kashi ɗaya cikin huɗu na jininta Lincoln ne, a Amurka kuma ma'aikatar gona ta haɗa ragunan Lincoln da matan jinsin Rambouillet a 1912 aka samu Columbia. Wato ko da asalin tayi ƙaranci jikokinta suna nan birjik a nahiyoyi da dama.

Ana yin suwaita da ulunta?

Ana yi amma ba wadda zata taɓa fata ba, duk silin da ya haura maikiron 30 yana tsikarar jiki, zaka yi ta susa. Inda ta fi ƙarfi shine abin da ake son ya daɗe, kafet, darduma, yadin kujera, manyan rigunan sanyi na sama, zaren saƙa mai ƙyalli. Masu kaɗi da hannu suna sonta sosai don dogon sili yana da sauƙin kaɗawa, masu yin 'yar tsana kuma suna sayen igiyoyin a yadda suke su rina su yi gashin kai dasu.

To farin gashin da lauyoyi da alƙalai ke ɗorawa a ka nata ne?

A'a, na asalin da gashin doki ake yinsa.

In tana da daraja haka me yasa ake cewa ta kusa ƙarewa?

Kasuwa ce ta juya mata baya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu zaren roba irin nailan ya cika ko ina ga arha, masu cin nama a Birtaniya suka koma son ƙaramin ɗan rago mara kitse wanda yake nuna da wuri, ita kuwa Lincoln mai jinkirin girma ce mai tara kitse, filayen kiwon Lincolnshire ma aka nome su aka zuba alkama da dankali. Ƙasashen da suke saye kuma sun riga sun samu abinda suke so. Zuwa farkon shekarun 1970 garkunan da suka rage 'yan ƙalilan ne. Ƙungiyar kare jinsunan dabbobin gida masu ƙaranci ta Birtaniya, Rare Breeds Survival Trust, wadda aka kafa a 1973, har yanzu tana lissafa ta cikin waɗanda ake jiye wa tsoro. Abin takaici ma a shekarun nan manoma da yawa a can kuɗin da suke samu a ulu baya biyan ladan mai aski.

To ni dai tambayata, zan iya kawo ta Kano ko Sakkwato ko Maraɗi in yi kiwo?

Ɗan uwa shawarata kar ka fara, kuma ba hassada bace. Zafin jikin tunkiya wajen digiri 39 ne, kuma ba ta gumi take sanyaya jiki sosai ba, da haki take yi. A garinsu tsakiyar lokacin zafi ma'auni wajen 21 ko 22 yake tsayawa. Ranar 19 ga Yuli 2022 da aka auna 40.3 a Coningsby, wanda ma a cikin Lincolnshire ɗin yake, shine zafi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a tarihin Birtaniya gaba ɗaya, ƙasar ta rikice, mu kuwa a Sakkwato wannan ai ranar Afrilu ce kamar kowace. Dabba mai kilo 130 da ulu kilo 8 a baya zata daina cin abinci, ragon kuma zafi yana kashe masa ƙarfin iri.

A ce ka aske ta ƙwal ka sa mata fanka. To ga ƙarangiya nan tana jira, fita ɗaya ulun ya zama abin zubarwa, kaska ta shige ƙarƙashi ba mai ganinta, da damina laima ta kawo kirci don ƙwayar da ke sa wa shanu kirci itace take dunƙule ulun tumaki, ga annobar tumaki da awaki ta PPR da babu ita a Birtaniya balle jikinta ya santa, ga ciwon shuɗin harshe wanda namu suke ɗauka su wartsake amma yana kada tumakin ulu na Turai. Ga lissafin haihuwarta da zai rikice. Sannan kafin duk wannan sai ka samu izinin hukumar killace dabbobi da tsirrai. In ma duk ka tsallake, wa zaka sayarwa da ulun? Babu masana'antar wanke shi da kaɗa shi a kusa da kai. Kuɗin da zaka kashe a rago ɗaya zai cika maka turke da Balami masu kyau daga Borno ko Yobe.

In na samu iri kawai na haɗa da Balami fa, don girma?

'Ya'yan zasu fito da wani abu tsaka-tsaki, ba ulun sayarwa ba kuma ba gashin da zai zube tas ba, yana cukurkuɗewa a gadon baya dole kayi ta askewa a banza, kuma ka rage musu juriyar da uwarsu ta gada. Ka duba ma inda duniya ta nufa, a Afirka ta Kudu sun haɗa Dorset Horn da Blackhead Persian suka samu Dorper wadda bata cika buƙatar aski ba, a Amurka wani mai kiwo Michael Piel ya kawo tumaki masu gashi daga tsibirin St. Croix na yankin Karibiyan a shekarun 1950, waɗanda jininsu na Afirka ta Yamma ne, ya samar da Katahdin, yau tana cikin jinsunan da aka fi rajista a can. Masu neman nama irin halin tumakinmu suke nema. Wanda yake son girma ya nemi ingantaccen rago na gida, ya tuntuɓi irin su cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya, ya gyara abinci da riga-kafi.

Mu a yankinmu babu tumakin ulu ko kaɗan?

Akwai, mutane ne basu sani ba. A Mali akwai tumakin Masina a fadamun Kogin Kwara, da ulunsu masaƙan Fulani suke saƙa bargunan nan masu kauri da zane zane da ake kira kaasa. A Nijar kuma akwai Kundum a bakin kogi da tsibirai wajen Tilaberi, ƙanana ne ulun kuma gajere mai kaushi, ba za a haɗa da Lincoln ba, amma sun saba da zafi da sauron wurin. Suma suna raguwa saboda ana ta gauraya su da manyan raguna masu gashi don kasuwar Sallah.

Wanda yake zaune a Ingila zai iya layya da ita?

Tunkiya ce cikakkiya, in ta kai shekarun layya kuma lafiyarta ƙalau babu matsala ta wannan fuskar, rashin ƙahon ma ba aibi bane tunda haka aka halicce ta ba karyewa yayi ba. Inda za a kula shine wutsiya. Kamar yadda na faɗa a sama da yawa ana datse musu ita tun suna ƙanana saboda ƙuda, dokar can ta ce kawai a bar abinda zai rufe al'aura, a mazhabar Malikiyya kuwa dabbar da sulusin wutsiyarta ya tafi bata isarwa. Don haka kafin ka biya kuɗi ka ɗaga ulun bayan ka duba da idonka, ko ka cewa manomin tun da wuri ya bar maka ɗaya da wutsiyarsa, sannan ka ji ta bakin malamin da kake bi. Naman kuma ka shirya wa kitse, yana da shi sosai.